Malamin Rana da Malamin Dare: Tarihin Wata Iyaka da Masana Suka Shata



Mai yiwuwa ne waɗansunku su yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan ƙwari, alhali ga mutanen sashen nazarin halittu a zaune. To, ba gonarsu na zo shiga ba. Abin da ya kawo ni shi ne suna da tarihin yadda aka raɗa shi, wannan kuwa gonarmu ce. Bahaushe ya dubi wani ɗan ƙwaro mai fukafukai huɗu, ya ga idan ya sauka a kan fure yakan riƙa buɗe su yana rufewa, sai ya ce da shi malam-buɗe-littafi. Amma akwai ɗan'uwansa mai fitowa da dare, wanda kan zo ya yi ta kewaya fitila har ya ƙone, shi kuwa ba mu ba shi suna guda wanda ya game dukkan irinsa ba. Mai cin tufafi a cikin adaka mun kira shi asu, tsutsa mai gashi mun kira ta gizaka, sauran kuwa ƙwaro ne kawai. Ingilishi yana da kalmomi biyu daban, ɗaya don na rana ɗaya don na dare, saboda haka mai fassara littafin kimiyya na makaranta yakan tsaya cik idan ya zo nan, ya ɗauka Hausa ce ta gaza. Faransanci kuwa kalma ɗaya gare shi, sai ya ƙara mata "na rana" ko "na dare". Ni ma hanyar da zan bi ke nan a wannan lacca, watau zan ce malamin rana da malamin dare.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: wannan iyaka da ke tsakaninsu, wa ya shata ta, yaushe, kuma shin ta tsaya? Don kada maganar ta watse, na zaɓi ƙwari biyu waɗanda kowane littafi kan kawo a matsayin misali, kuma dukkansu ba na ƙasarmu ba ne.

Na farko shi ne wanda masana ke kira Morpho menelaus, zan riƙa ce masa Morfo. Mazauninsa kurmin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, faɗin fukafukansa wajen santimita 12 ne. Idan ya rufe littafinsa, bangon ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo kamar idanu, ba ka ko lura da shi a jikin itace. Idan ya buɗe kuwa, sai ka ga shuɗi mai walƙiya wanda ba marinin da ya taɓa fitar da irinsa. Na biyu shi ne Attacus atlas, ko Atlas, mazaunin Indiya da kudancin Sin da tsibiran Indonesiya. Faɗin fukafukan macen yakan kai santimita 24, watau ya fi tafin hannun ƙato. Launinsa ja-ja ne da ruwan ƙasa, da waɗansu tagogi masu kusurwa uku da ake hangen haske ta cikinsu, ƙarshen fiffikensa na gaba kuma ya lanƙwashe kamar kan maciji, har mutanen Kanton suna kiransa da sunan da ke nufin haka. Shi ba ya rufe littafi; idan ya sauka, shimfiɗa fukafukan yake yi ya yi lamo.

Tsakanin mazaunan waɗannan ƙwari akwai rabin duniya, amma ciniki ya gama su a wuri ɗaya. A ƙarni na 17 mutanen Holan suna da kamfani mai fatauci a gabas, inda suka kafa sansani a Jawa da Ambon, kuma a 1667 suka sami Surinam a gaɓar Amurka ta Kudu, suka cika ta da gonakin rake da bayi daga Afirka. Jiragen da ke kawo kayan yaji da sukari su ne ke kawo busassun ƙwari, attajiran Amstadam kuwa suna gasar tara su cikin akwatuna masu gilashi. Sai dai abin da ke cikin akwati gawa ce. Ba wanda zai gaya maka me take ci, daga wace tsutsa ta fito, ko da wane lokaci take tashi.

Wannan giɓi shi ya dami wata mai zane Bajamusa mazauniyar Amstadam, Maria Sibylla Merian. A 1699, tana da shekara 52, ta sayar da zane-zanenta ta shiga jirgin ruwa zuwa Surinam tare da 'yarta, ba sarki ko kamfani da ya aike ta. Ta zauna har 1701, sa'ad da ciwo ya tilasta mata komowa, kuma a 1705 ta buga littafinta mai hotuna 60 a kan rikiɗar ƙwarin Surinam. Abin da ta yi sabo shi ne ta zana ƙwaro da tsutsarsa da ganyen da yake ci a shafi ɗaya. A nan Turai ta ga Morfo a matsayin mai rai. Ta kuma duba fiffikensa da madubin ƙara girma, ta bayyana cewa ƙurar nan da ke manne wa yatsa ƙananan ɓawo ne jere reras kamar rufin ɗaki. Ya kamata a ambata, tun da ita kanta ta ambata, cewa bayi 'yan Afirka da 'yan asalin ƙasar su ne suka sare mata hanya a kurmi, suka kawo mata tsutsotsi, suka gaya mata amfanin itatuwa. Sunanta ya shiga tarihi, nasu bai shiga ba.

Wanda ya shata iyakar da muke magana a kai shi ne Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin. Bai taɓa taka ƙasa mai zafi ba. Ya yi zama a Holan daga 1735 zuwa 1738, sa'an nan ya yi aiki da littattafai irin na Merian da akwatunan sarauniyar ƙasarsu. A bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, na shekarar 1758, ya kasa dukkan masu fiffike mai ƙura gida uku. Papilio su ne masu tashi da rana, masu ɗaga fukafukai sama idan sun sauka, waɗanda kan ƙahonsu ya yi dunƙule kamar kan ashana. Phalaena su ne masu tashi da dare, ƙahonsu ba dunƙule. Tsakani ya sa Sphinx, masu fitowa da almuru. Ku lura, ɗaya daga cikin alamomin da ya dogara a kai, watau yadda ake riƙe fukafukai, ita ce Bahaushe ya gani ya raɗa suna.

A cikin wannan bugu ne ƙwarinmu biyu suka sami sunayensu, a shekara ɗaya, daga alƙalami ɗaya. Linnaeus mutum ne mai son tatsuniyoyin Girka. Manyan malaman rana ya mai da su barade, ya raba su runduna biyu kamar yadda aka yi a yaƙin Taroya, ya ba shuɗin nan sunan Menelaus, sarkin Isparta wanda aka yi yaƙin saboda matarsa. Babban na dare kuwa ya ba shi sunan Atlas, ƙaton da tatsuniya ta ce yana ɗauke da sama a kafaɗa, ya sa shi a farkon jerin Phalaena. Sunan Attacus ya zo a 1767, sunan Morpho kuma almajirinsa Fabricius ne ya kawo shi a 1807. Babu ɗaya daga cikin sunayen nan da ya gaya maka kome game da ƙwaron. A ganina, ta fuskar bayyana abu, sunanmu na Hausa ya fi su aiki.

Ga waɗannan ƙwari biyu iyakar Linnaeus ta zauna daram. Amma ba a yi shekara 20 ba aka fara ganin ɓaraka. A 1773 wani maƙerin azurfa na Landan mai tara ƙwari, Dru Drury, ya buga hoton wani kyakkyawan ƙwaro mai kore da ja da ruwan zinariya, ya sa shi cikin Papilio, ya ce daga Sin aka kawo shi. Duka biyu ba daidai ba ne. Ƙwaron na Madagaska ne, kuma gawar da ta zo hannun Drury ta rasa kanta, an manna mata kan wani malamin rana mai ƙaho da dunƙule. Sai a 1823 Jacob Hübner ya mai da shi cikin dangin na dare, inda yake har yau, ko da yake da rana tsaka yake yawo, kuma ya fi yawancin na rana ado. Kama da wane ba ta wane. Daga nan aka yi ta gano na dare masu yawon rana, da na rana masu launin toka.

Masana na ƙarni na 19 suka nemi alamar da ta fi ƙarfi, suka same ta a ƙarƙashin fiffike: yawancin na dare suna da wata 'yar ƙugiya mai sarƙe fiffiken baya da na gaba, na rana ba su da ita. Madalla. Sai dai Atlas da dukkan danginsa, waɗanda ba mai shakkar cewa na dare ne, ba su da wannan ƙugiya. A 1986 kuma Malcolm Scoble ya nuna cewa wani ƙaramin dangi na Amurka mai suna Hedylidae, masu tashi da dare, marasa dunƙule a ƙaho, waɗanda aka daɗe ana lissafa su cikin na dare, a haƙiƙa malaman rana ne. Binciken ƙwayoyin gado ya gaskata shi daga baya.

Wannan bincike na ƙwayoyin gado shi ya ƙarasa rushe iyakar. An san nau'i wajen 160,000 na waɗannan ƙwari, na rana kuwa ba su wuce wajen 19,000 ba. Aikin da Akito Kawahara da abokansa suka buga a 2019 ya nuna cewa asalin zuriyar duka ya kai shekara miliyan 300, na rana kuwa reshe ɗaya ne da ya tsiro daga tsakiyar na dare wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Da can ana cewa tsoron jemage ne ya koro su zuwa rana, amma lissafin ya nuna sun riga jemage zuwa duniya, don haka an fi danganta abin da yaɗuwar itatuwa masu fure. Ma'anar wannan ita ce ba gida biyu ne ke fuskantar juna ba. Gida ɗaya ne babba, wani ɗa daga ciki ya sake lokacin fita. Har ma akwai manyan na dare, irin su Atlas, waɗanda suka fi kusa da Morfo a zumunta bisa ga yadda suke da asun da ke cikin adaka. Ashe harshen da ya kira su da suna ɗaya bai yi kuskure ba.

Kada a ce na ce babu bambanci tsakanin Morfo da Atlas. Akwai, kuma mai girma ne, sai dai ba a ƙaho ko ƙugiya yake ba, a yadda kowannensu ke rayuwa yake, abin da akwatin Amstadam ba ya iya nunawa.

Morfo yana da dogon baki naɗaɗɗe kamar gammo, yana warware shi ya tsotsi ruwan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da ɗanƙon da ke tsatsowa daga itatuwa. Tun da yana ci, yana da ƙarfin yawo, namijin yakan yi ta sintiri a bakin rafi da hanyoyin kurmi. Harkarsa duk ta ido ce. Henry Walter Bates, wanda ya yi shekara 11 a Amazon daga 1848 zuwa 1859, ya ba da labarin wani nau'in Morfo da ake hango walƙiyarsa daga nisan rubu'in mil. Atlas kuwa bakinsa bai cika ba, ba ya ci ba ya sha daga ranar da ya fito daga gidansa. Duk abin da zai rayu a kai, tsutsar ce ta tara masa sa'ad da take cin ganye ba dare ba rana. Kwanansa a duniya mako ɗaya ne zuwa biyu, saboda haka ba ya ɓarnar ƙarfi. Macen takan zauna kusa da inda ta fito ta saki wani ƙamshi, namijin kuma, da ƙahonninsa masu kama da gashin tsuntsu, ya shaƙo shi daga nesa ya biyo iska cikin duhu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura biyu ya ɗauki masana ƙarnoni kafin su gane shi. Game da ƙamshi, Jean-Henri Fabre na Faransa ya lura a ƙarni na 19 cewa macen wani ɗan'uwan Atlas na Turai da ya rufe a keji ta jawo maza wajen 40 cikin gidansa a dare ɗaya, amma bai iya kama abin da ke jawo su ba. Sai a 1959 Adolf Butenandt na Jamus ya tace sinadarin, bayan ya yi amfani da mata wajen 500,000 na ƙwaron siliki.

Labarin shuɗin ya fi wannan ban mamaki, kuma a nan zan roƙi mutanen Kano su saurara da kyau. Shuɗin da muka sani abu ne da ake iya riƙewa: ana samun sa daga baba, a jiƙa a karofi, ya kama zare, har ya zuba a jikin mai sanye da turkuɗi. Shuɗin Morfo ba haka yake ba. In ka daka fiffikensa, gari mai ruwan ƙasa za ka samu. Tun 1665 Robert Hooke ya lura cewa launin gashin ɗawisu yana sakewa idan an jiƙa shi, Newton kuma a 1704 ya danganta irin wannan launi da siraran abubuwa masu mai da haske, kamar yadda muke gani a kumfar sabulu ko a wuyan tantabara. Amma ba a ga ainihin ginin da ido ba sai a 1942, sa'ad da Anderson da Richards a Amurka suka sa ɓawon fiffiken Morfo a ƙarƙashin sabon madubi mai aiki da lantarki. Suka tarar kowane ɓawo yana da kunya-kunya kamar gona, kowace kunya kuma tana da rassa hawa-hawa, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da abin da zai mayar da shuɗin haske kaɗai zuwa ido. Watau launin gini ne, ba rini ba. Kamfanin Teijin na Japan ya kwaikwayi wannan gini ya fitar da zare mai launi ba tare da an tsoma shi a kome ba.

To, wannan bambanci na rayuwa shi ya yanke wa kowannensu abin da ya same shi a hannun ɗan Adam, kuma a nan ne tarihin ya yi ɗaci.

Tun da ba a iya tatso shuɗin Morfo a zuba a kwalba, wanda ke son sa dole ya kashe ƙwaron ya ɗauki fiffiken ɗungum. Daga ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar wannan ta buɗe a Turai: ana sa fiffiken a ƙarƙashin gilashi a yi 'yan kunne da abin wuya da faranti da hotunan bango. Su wa ke kamowa? A 1852 Faransa ta mai da Giyana, maƙwabciyar Surinam, gidan kurkuku, inda ta tura fursunoni wajen 70,000 kafin a daina turawa a 1938, na ƙarshensu kuma suka bar ƙasar a 1953. Akwai wata doka mai tsanani: wanda aka ɗaure ƙasa da shekara 8, in ya gama sai ya ƙara zaman adadin shekarun a ƙasar, wanda aka ɗaure shekara 8 ko fiye kuwa ba shi ba komawa gida har abada. Waɗannan sakakku ba aiki ba abinci, kamar yadda ɗan jarida Albert Londres ya tona a 1923. Da yawansu farautar Morfo ce ta riƙe su. Wani Eugène Le Moult, ɗan wani ma'aikacin gidan kurkukun, ya mai da abin sana'a sosai, ya sa fursunoni suna kamo masa, ya buɗe kanti a Faris ya zama ɗaya daga cikin manyan dillalan ƙwari na duniya. Dabarar kamun ma daga halin ƙwaron ta fito: tun da namijin da ido yake aiki, in an kaɗa wani abu shuɗi mai ƙyalli sai ya sauko yana tsammani ɗan'uwansa ne, ya faɗa cikin koma. Waɗanda suka karanta Papillon na Henri Charrière, na 1969, ko suka ga fim ɗinsa na 1973, sun san wannan kurkuku, ko da yake shi laƙabinsa daga zanen da ke ƙirjinsa ya samo shi.

Atlas kuwa ba a nemi babbansa ba sai don akwatin masu tarawa. Abin da ya ja hankali shi ne gidan da tsutsarsa ke saƙawa a cikin naɗaɗɗen ganye, wanda Morfo ba ya yi, don shi tsirara yake rataye a reshe har ya rikiɗa. A tsakiyar ƙarni na 19 wata annoba ta faɗa wa tsutsar siliki a Faransa da Italiya, har gwamnati ta tura Louis Pasteur ya bincika a 1865. Masaƙu suka shiga neman madadi a dazuzzukan duniya. Wani marini na garin Leek a Ingila, Thomas Wardle, ya yi nazarin silikin daji na Indiya ya buga littafi a kansa a 1881, ya kuma ci nasarar rina irin da ake kira tasar har ya sami kasuwa. Atlas bai samu ba, duk da girman gidansa. Dalili kuwa na sana'a ne. Tsutsar siliki ta gida zare ɗaya take saƙawa, wanda kan kai mita 900, ana warware shi a kan inji cikin sauƙi. Na Atlas guntu-guntu ne, dole a sharce shi a kaɗa kamar auduga, aikin ya yi yawa, riba ta yi kaɗan. Har yau ana yin wannan siliki mai ruwan ƙasa, wanda ake kira fagara, amma kaɗan-kaɗan, alal misali a wajen Yogyakarta ta Indonesiya. Abin da ya hana shi kasuwa shi ya hana a mai da shi dabbar gida.

A wannan gaɓa ce labarin ya taɓo mu, ba don na jawo shi ba. Abin da Turawa suka ga ya yi musu wuya a jikin Atlas, watau kaɗa silikin da ba ya warwaruwa, matan ƙasar Hausa da Nufe da Yarbawa sun daɗe suna yi da wani malamin dare na ƙasarmu, wanda masana ke kira Anaphe. Shi ba babba ba ne. Tsutsotsinsa taruwa suke yi da yawa su saƙa gida ɗaya na tarayya a jikin itace, a ɗebo shi, a dafa da toka don danƙon ya saki, a wanke, a shanya, a kaɗa da mazari. Zaren shi ne tsamiya, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi, Yarbawa kuma suna saƙa shi su kira shi sanyan. Dakta Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ambaci wannan siliki, ya kuma ambaci jan alharini da fatake ke kawowa daga Tarabulus. A farkon ƙarni na 20 an aika da samfurin tsamiya Landan an gwada, da nufin a mai da shi kayan fitarwa kamar gyaɗa da auduga, abin bai ɗore ba.

Ku dubi yadda harshe ya yi aiki a nan. Na rana, wanda ba ya ba mu kome sai kallo, mun raɗa masa suna daga siffarsa, suna mai ban dariya da daɗin faɗi. Na dare kuwa mun raɗa musu suna daga abin da suke yi mana: wanda ke ɓarna ya zama asu, wanda ke ba da zare ya ɗauki sunan itacen da ake samun gidansa. Wannan ma rarrabewa ce, kuma ta mutanen da suka san tsutsa da ganye da damina, irin sanin da Merian ta tsallaka teku tana nema. Alharini daga Larabci muka aro shi, siliki daga Ingilishi, amma tsamiya tamu ce, abin da ke nuna sana'ar ba baƙuwa ba ce.

Saboda haka ina da magana biyu, ɗaya ga ɗalibai ɗaya ga ma'aikata. Ɗaliban da za su zauna a kwamitocin ƙirƙirar kalmomin kimiyya, kada ku ga Ingilishi yana da kalmomi biyu ku ce lalle sai Hausa ta yi biyu, ku je ku tilasta wa asu ya ɗauki Atlas a kansa, alhali duk Bahaushen da ya ji asu rigarsa zai tuna. Abin da littafin makaranta ke bukata shi ne suna ɗaya da zai game zuriyar duka, sa'an nan a bambanta da "na rana" da "na dare", a kuma gaya wa yaro tun a aji cewa wannan rabo na sauƙaƙa magana ne. Kafin a ƙirƙiri kome kuwa, a fara zuwa ƙauyuka da rikoda, daga Zazzau zuwa Damagaram, a tambayi tsofaffin makaɗa zare da masu ɗinkin riga me suke kiran tsutsar, me suke kiran gidan, me suke kiran ƙwaron da ke fitowa daga ciki, don kowane kari yana da nasa.

Ma'aikatan gandun daji da na gona kuma, tsutsar tsamiya ba a kiwon ta a ɗaki, ganyen itatuwan daji take ci, irin su tsamiya da doka. Duk inda aka share dajin doka don gawayi ko aka yi feshin magani ba lissafi, an taɓa ta. Akwai kuma batun lokacin ɗiba: idan an cire gidajen duka tun ƙwarin ba su fito ba, babu mai yin ƙwai don baɗi, alhali tun da zaren kaɗa shi ake yi ba warwarewa ba, gidan da ƙwarin suka riga suka fice yana da amfani kamar wanda suke ciki. Wannan ita ce falalar da silikin daji ya fi na gida da ita, don shi na gida dole a kashe tsutsar da zafi kafin ta huda zaren. Jami'in da ke ba da izinin sare itace a gandun da ake ɗibar tsamiya yana iya rubuta waɗannan sharuɗɗa biyu, na itatuwan da za a bari da na watan ɗiba, a jikin takardar izinin.